Motar da Nake Buri Tana Shan Mai, Maiɗakina Kuma Ta Ce Ba Ta Yarda Ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 35, ina zaune a Kano da maiɗakina da 'ya'ya biyu, kuma albashina naira 700,000 ne a wata. Na daɗe ina hawan Toyota Corolla ƙirar 2010, ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma tun ina saurayi burina in mallaki Dodge Charger. Yanzu wani abokina dillalin motoci ya samo ƙirar 2013 mai silinda takwas, sabuwar shigowa daga Amurka, har na ba da kafin alƙalami. Shirina in sayar da Corollar, in cika da kuɗin da muke tarawa na sayen fili, wanda akwai kuɗin adashinta a ciki. Abokina ya ce kada girman injin ya ba ni tsoro, domin yana kashe rabin silindarsa da kansa, shan mansa kamar na ƙaramar mota ne. Ina yin kimanin kilomita 1,200 a wata, kusan duka a cikin gari, kuma Corolla tana sha mini lita 120. Maiɗakina ta ce sam ba ta yarda ba, har magana ta yi wuya a tsakaninmu, yayana kuma ya ce motar samari ce. Ni kuwa gani nake kullum hidimar wasu nake yi, wannan ne karo na farko da zan yi wa kaina abu. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Ba zan yi maka dariya a kan wannan buri ba, kuma ban yarda da yayanka cewa shekarunka sun wuce son mota mai ƙarfi ba. Mutumin da yake ɗauke da gida, yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma duba 'yan'uwa, yana da haƙƙin ya so wani abu don jin daɗin kansa kawai, ba sai ya kawo wa kowa hujja ba. Abin da ya rage shi ne a duba ko wannan motar, a wannan lokacin, da wannan kuɗin, za ta ba ka daɗin da kake hange, ko kuwa za ta mai da kai mai kallon allurar mai da faɗuwar gaba kowace safiya.

Maganar abokinka tana da tushe, sai dai bai ƙarasa ta ba. Injin da ke cikin motar shi ne Hemi mai lita 5.7, mai ƙarfin doki 370, kuma gaskiya ne yana da tsarin da kamfanin ya sa wa suna MDS, wanda ke rufe silinda huɗu daga cikin takwas. Amma yana yin haka ne idan mota ta miƙe hanya da gudu madaidaici, ƙafar direba tana kan totur a hankali, kamar idan ka ɗauki hanyar Zariya babu abin da ke gabanka. Idan mota tana tsaye injin yana aiki, ko tana tashi daga tsayuwa, duka takwas ɗin ne suke shan mai. Kai kuwa ka ce kusan duk tafiyarka a cikin gari ce, wato tsakanin danja da shataletale da 'yan adaidaita sahu, inda za ka taka birki sau da yawa kafin ka yi kilomita ɗaya. A irin wannan tuƙin, dabarar da abokinka yake yabo ba ta cika samun damar yin aiki ba, kuma duk lokacin da ka tashi, injin zai ja mota mai nauyin kusan kilo 1,900 ne, alhali Corollarka ba ta wuce kilo 1,300 ba.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, tana fitar da alƙaluman shan man motocin da ake sayarwa a can. Idan aka mai da alƙalumanta zuwa ma'aunin da muka saba, wannan Charger tana yin kusan kilomita 7 da lita ɗaya a cikin gari, da kilomita 10 da rabi a babbar hanya. Corolla irin taka kuwa an ba ta kimanin kilomita 11 a gari da 14 a babbar hanya. An yi wannan awon ne da sabuwar mota, ba wadda ta haura shekara goma a kan titi ba, kuma ba a zafin Kano na watan Afrilu ba, lokacin da na'urar sanyaya mota ba ta hutawa daga gida har ofis. Ka ga ko taka Corollar kilomita 10 take ba ka, ba 11 ba. Don haka, a ganina, idan Charger ta yi maka kirki za ta ba ka kilomita 6, kuma mai hankali zai yi lissafinsa a kan 5.

Yanzu mu mai da shi kuɗi. Farashin fetur yana hawa yana sauka, amma mu ɗauki naira 900 a matsayin misali, kai kuma ka sa farashin ranar da kake karanta wannan. Lita 120 ɗinka ta Corolla naira 108,000 ke nan a wata, kimanin kashi 15 cikin ɗari na albashinka. Charger a kan kilomita 6 za ta sha lita 200, wato naira 180,000, a kan kilomita 5 kuma lita 240, wato naira 216,000, kusan kashi 31 cikin ɗari. Ƙarin da za ka riƙa yi a shekara yana tsakanin naira 864,000 da naira 1,296,000, kuma na mai ne kaɗai. Tankinta yana ɗaukar kusan lita 70, ka cika shi da naira 63,000, kafin kwana tara kana neman gidan mai. Ka kuma tuna cewa farashin ba a hannunka yake ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 a gidajen man gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta koma kusan 500, zuwa Oktoba 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Wanda yake da ƙaramar mota ya ji wannan tashin a jikinsa, mai silinda takwas kuwa ninki biyu ya ji, kuma shi ya sa za ka ga manyan motoci masu kyau an lulluɓe su a cikin gidaje.

Mai shi ne abin da ake gani kullum, amma ba shi ne yake kayar da masu irin wannan motar ba, sai kuɗin da ke faɗowa lokaci ɗaya ba zato. A wajen juye, Corolla tana cin baƙin mai lita huɗu da ɗan ɗori, wannan kuwa kusan lita bakwai, kuma ba kowane iri ba. Littafin motar ya ce 5W-20, mai ruwa-ruwa, domin da matsin baƙin mai ne tsarin rufe silinda yake aiki. Idan aka zuba mata mai kauri irin 20W-50 da aka saba zuba wa kowace mota a garejinmu, tsarin zai rikice, wutar gargaɗi ta kama. Fuloginta goma sha shida ne, biyu a kan kowace silinda, inda Corolla take da huɗu. Tayoyinta faffaɗa ne masu rim 18 ko 20, kuma da yake tayoyin baya ne suke jan motar, duk ranar da ka ji daɗin taka ta, su ne suke biyan kuɗin. Ga birki, wanda yake saurin cinyewa saboda nauyi, ga kayan ƙafa da ramuka da tudun rage gudu za su riƙa bugawa, tunda motar ƙasa-ƙasa take, ga kuma damina idan ruwa ya kwanta a titi. Idan kana son inshora cikakkiya, wadda ya kamata mota irin wannan ta samu, hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta ƙayyade tun Janairun 2023 cewa ba za ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba a shekara.

Akwai kuma tambayar wanda zai taɓa maka ita. Kayan Corolla, ko da tsakar rana ka shiga Kofar Ruwa za ka fito da su, sabo ko na hannu, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta. Kayan Dodge sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas ko Apo a Abuja, wani abin ma sai an yi odarsa daga waje da dala, mota tana zaune a gareji ana jira. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakaniken da bai san ta ba amma ba zai faɗa ba. Irinsa ne zai cire mata abin da ke daidaita zafin injin, ya haɗa fanka kai tsaye wai don kada ta yi zafi, sai injin ya kasa kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfutar motar ta ci gaba da ƙara mai tana zaton har yanzu da sanyi. Wani kuma zai fasa salansa ya kwashe abin tace hayaƙi da suke kira indomi, domin yana da kuɗi a kasuwa, ya ce maka toshewa ya yi. Shi kansa injin Hemi an san shi da wata larura, inda ƙananan ƙarafan da ke ɗaga bawul suke lalacewa su cinye sandar da ke juya su, alamarta kuma wani ƙas-ƙas ne da ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama. Makanikai da yawa suna danganta ta da barin mota tana aiki a tsaye na dogon lokaci da kuma jinkirin juye, kuma gyaranta sai an buɗe kan injin. Ka tuna sau nawa kake zama cikin mota da sanyi a kunne kana jiran yara a ƙofar makaranta.

Mutanen da suka riƙe doki sun san cewa ranar saye ita ce ranar da ta fi sauƙi, domin dawa da harawa kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba. Sannan ka tambayi kanka inda za ka sake wa wannan dokin linzami. Iyakar gudun da doka ta ba ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ne a awa, wanda Corollarka tana yi ba tare da wahala ba, a cikin gari kuwa rabin haka ne. Abin da zai rage maka shi ne rurin injin, da yadda take ɗaukar wuta idan ka taka, da kallon da za a yi maka idan ka tsaya. Ban raina waɗannan ba, su ne ainihin abin da ake saye, amma ya kamata ka san cewa su kake biya wa kusan naira miliyan ɗaya ko fiye a shekara.

Game da maiɗakinka, ina roƙonka ka sake karanta wasiƙarka da kanka. Ka rubuta cewa akwai kuɗin adashinta a cikin abin da kake shirin ɗauka. Dukiyar mace tata ce, a addini da al'ada, kuma ta zuba ta ne a kan alkawarin fili, ba mota ba. Ko da motar ba ta shan komai sai iska, ba ka da ikon juya wannan kuɗin sai da yardarta, yardar da ta fito daga zuciya, ba wadda aka samu da ɗaure fuska da ƙin cin abinci ba. Ina kuma zaton ba motar ce ta fi ɓata mata rai ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ta ji an riga an ba da kafin alƙalami kafin a tambaye ta, wato an yanke hukunci a kan abin da ta tara da kyar, sannan aka zo sanar da ita. Ita ce kuma ta san farashin mudun shinkafa da kuɗin gas, don haka idan ta ji an ce silinda takwas, lissafin cefane take yi. Ka same ta a lokacin da yara suka yi barci, ka fara da ba ta haƙuri a kan wannan gaggawar, ka faɗa mata a fili cewa kuɗinta ba za a taɓa shi ba. Bayan haka ne za ka gaya mata abin da ka gaya mini, cewa ka gaji, kuma kana son wani abu naka. Mai yiwuwa ba ta taɓa jin wannan daga bakinka ba, kuma mace takan sassauta idan ta gane ana neman fahimtarta ne, ba sa hannunta ba.

Yayanka ya faɗi ra'ayinsa, ka gode masa, amma kada ka sayi motar don ka nuna masa, kada kuma ka fasa don tsoron bakinsa. Abokinka dillali ba lallai ne yana nufin cutar da kai ba, sai dai la'adarsa tana cikin sayarwa, kuma ba shi zai riƙa tsayawa a gidan mai ba. Ka yi masa wata tambaya guda: idan ka dawo masa da motar bayan wata shida, nawa zai saya, kuma cikin kwana nawa zai samo mai so? Ka yi irin wannan tambayar a kan Corollarka. Bambancin amsoshin biyu zai nuna maka wace ce kuɗi a hannu, wace ce kuma sai an yi ta neman mai sha'awa.

Abin da nake ba ka shawara ka yi kafin komai shi ne ka gwada riƙon motar tun ba ka saye ta ba. Daga albashin wannan watan, ka ware naira 150,000, wato ƙarin kuɗin mai da ɗan abin gyara, ka sa a asusun da ba ka taɓawa, ka yi haka wata uku a jere alhali kana hawan Corollarka. Idan wata ukun suka wuce ba a rage cefane ba, ba a jinkirta kuɗin makaranta ba, ba ka ci bashi ba, kuma ba ka daina zuba naka kason na fili ba, to aljihunka zai iya, kuma ga naira 450,000 a ajiye don ranar da wani abu ya lalace. Idan kuwa tun a wata na biyu ka fara zaro kuɗin, ka sami amsarka ba tare da ka yi asarar mota ko fili ba. Ka bar maiɗakinka ta riƙa ganin asusun, domin hujjar da ta gani da idonta ta fi duk bayanin da za ka yi mata. Na san abokinka zai ce wani zai riga ka. Wataƙila haka ne, amma ba ita kaɗai ce Charger a Najeriya ba, kuma masu neman rabuwa da irinta ba su yi kaɗan ba.

Idan har ka kai ga duba wannan ko wata, kada ka yarda da alƙaluman da allon motar yake nunawa, domin ana iya goge su. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar tafiya, ka bi hanyarka ta kullum a lokacin cunkoso da sanyi a kunne, ka koma famfon nan ka sake cikawa, sannan ka raba tafiyar da litar da ta shiga. Ka lura cewa motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ka je da sassafe a tayar da ita a gabanka tun injin yana da sanyi, ka saurare shi har ya ɗumama. Ka kawo bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya sa mata kwamfuta, a ɗaga ta a duba ƙasanta da salansa. Ka ɗauki lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 ka bincika tarihinta a Carfax, wato shafin intanet mai adana tarihin motocin Amurka, domin da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, kuma wadda ruwa ya shiga wayoyinta ba ta daina ba da wahala. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba tsatsa da busasshen laka, ka karanta lambobi huɗu na jikin taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, ka kuma tabbatar da takardun kwastan a ofishinsu.

Akwai hanyoyin da ke tsakanin Corolla da silinda takwas. Ita kanta Charger tana da mai silinda shida, lita 3.6, ƙarfin doki 292, jiki ɗaya da fuska ɗaya, kuma wadda take da giya takwas tana yin kimanin kilomita 8 a gari da kusan 13 a babbar hanya a awon Amurka, sai dai matsalar kaya da bakanike tana nan. Toyota Camry mai silinda shida ta 2012 zuwa 2014 tana da ƙarfin doki 268, ninki biyu na Corollarka, tana yin kusan kilomita 9 a gari, kuma injinta iri ɗaya ne da na Lexus ES 350 da Highlander da Sienna, don haka kayansa da masu gyaransa suna ko'ina. Ba ta da rurin Hemi, ba kuma za a juyo ana kallonka ba, amma idan ka taka ta za ka san ka taka mota. Hanya ta uku ita ce ka riƙe Corolla don aiki da makaranta, ka tara kuɗinka kai kaɗai, bayan an sayi fili ka sayi Charger ta zama ta Asabar da Lahadi da tafiyar Kaduna. A kilomita 300 a wata, shan manta ba zai dame ka ba, kuma ranar da take jiran kaya daga Legas ba za ka kai yara makaranta a adaidaita sahu ba. Wasu za su ce ka mai da ita mai amfani da iskar gas ta CNG. Iskar ta fi fetur araha, amma tukunyar tana cinye but, ƙarfin motar yana ɗan raguwa, kuma sai ka tabbatar akwai wurin cikawa kusa da hanyarka da ƙwararren da ya taɓa yi wa irin wannan injin, ba wanda zai koya a kanta ba.

Idan ra'ayina kake so kai tsaye, kada ka sayar da Corollar, kada ka taɓa kuɗin fili, kuma kada wannan Charger ta zama motarka tilo a kan albashin naira 700,000. Hanya ta uku ita na fi so maka, ko da za ta ɗauki shekara biyu. Ka je wurin abokinka cikin makon nan, tun bai ce ya hana wani saboda kai ba, ka gaya masa gaskiya cewa ka yi gaggawa, ka nemi ya mayar maka da kafin alƙalamin. Idan ya ce sai ya cire wani abu saboda kwanakin da ya riƙe maka motar, ku daidaita cikin mutunci, da shaida idan kuɗin yana da yawa, domin abin da zai cire da wuya ya kai ƙarin kuɗin man wata biyu. Ka kuma bar masa saƙo cewa idan lokaci ya yi shi za ka nema, ya riƙa duba maka mai tarihi mai kyau. Allah ya daidaita tsakaninka da iyalinka, ya kuma hore maka abin hawan da kake so.